Lambar Bankin Wada

Damina biyu gero na ƙonewa a gonakin Tozai kafin ya fid da kai. A rumbun Habi ba abin da ya rage sai damen iri, kuma jikoki huɗu take ci da su.

Ɗanta na fari, Lawwali, yana aikin gini a Jidda. Ya bugo waya shagon Wada mai cajin waya, ya ce a kira ta. Habi ba ta magana da ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗi, don haka ta zauna bakin shago ta ba da baya, Wada ya saurara a madadinta.

Lawwali ya ce zai turo kuɗin hatsi cikin asusun da aka buɗe mata lokacin rabon taki. Amma kuɗin waje ba ya shiga da lambar asusu kaɗai, sai da lambar da ake gane bankin da ita a duniya, wadda suke kira suwif. Ya ce a je Sakkwato, bankinta, a karɓo.

"Inna, kuɗin motar fa?" in ji Wada. "Banki duk banki ne. Ga ta bankina nan, ita za ni ba shi."

Ita ya ba shi.

Wata ya mutu, wani ya tsaya, shiru. Lawwali na can yana zaton an ci an ƙoshi. Habi ta ji kunyar aika tambaya, kada a ce ta bi ɗan fari da roƙo. Da yaran suka kwana biyu kan ganyen tafasa, ta sauko da damen irin ta sussuke.

Ashe da yake lambar ba ta bankin Habi ba ce, kuɗin sun yi ta yawo sun koma Jidda, an zaftare. Kafin Lawwali ya sake turowa, ruwa ya sauka, an yi shuka, har an gama noman fari. Gonar Habi ciyawa ce ta fito.

Ta je shagon. Wada ko kai bai ɗaga ba. "Ai taimako na yi, Inna."

"Taimakonka muka daka muka ci, ɗan nan," in ji ta. Maganar tana gaban mai gari har yau.

Ku da kuka yi boko, ku ji tsoron Allah: abin da ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba. Kowane banki da lambarsa, a bakinsa ake karɓa. Mu kuma mata, kunyar da za ta kai mu ga cin iri, a aje ta.