Jarumin Bani Malik

Faifan yana cikin leda, ledar tana cikin tsohuwar hula, hular kuma tana can ƙasan akwati tare da iƙama, takardar izinin zama. Duk wanda ya taɓa shan shayi a gidan Kawu Zaharadden a unguwar Bani Malik ya san da zamansa, amma ba wanda ya taɓa ganin abin da ke ciki. Da an saka shi a na'ura sai kiɗa ya tashi, sunaye su fara hawa, a ga "Zaharadden Isha'aku" ɓaro-ɓaro. Daga nan hoto ya daskare.

Sauran labarin a bakin Kawu ake jinsa. Kafin ya zo umra ya zarce da zama, fim ya yi a Kano, kuma kaf labarin a kansa yake. Mata sun yi kuka saboda shi, maza sun ba hamata iska. Darakta ma ya rantse bai taɓa ganin mai natsuwa a gaban kyamara irinsa ba.

Mutum irin wannan ai ba ya aikin ƙarfi. An samo masa tuƙi a unguwar Abhur, ya ce, "Ni da aka ɗauka a kafaɗa, ni zan buɗe wa wani ƙofar mota?" An samo masa gadi, ya ce hasken fitila yana ɓata fuska. Matarsa Mas'uda ce ke goge tayil a gidajen Larabawa, ta dawo ta soya masar sayarwa, shi kuwa yana kan kujera yana gyara wa 'yan fim ɗin talabijin kurakuransu.

Mas'uda ba ta taɓa ƙorafi ba. A gidan biki ana kiranta matar jarumi, wannan ya ishe ta. Sai ranar da maƙwabciyarta Hikima ta taɓe baki a gaban mata ta ce, "Mu dai har yau suna muke gani, Umm Abir. Ko jarumin kunya yake ji?"

Mas'uda ta ƙudura sai ta nuna musu. Ga shi kuma ta ji ana cewa faifai ruɓewa yake in ya daɗe, wata rana ko sunan ma ba za a gani ba. Da Kawu ya tafi masallacin Juma'a, ta zare faifan daga hula, ta mayar da ledar yadda take.

A unguwar Sharafiyya, bayan ta wuce shagunan waya barkatai, ta sami wani mai suna Mazen da har yanzu yake da na'urar kwafar faifai a lungun shagonsa, ƙura ta lulluɓe ta. Ya ɗaga faifan a haske, ya juya shi.

"Ya Hajja, wannan ba tsufa ba ne. Ƙusa aka sa aka karce shi."

"Yara ne," in ji ta.

Ya goge shi da injin gogewa, ya sake gogewa, na'ura ta yi ta nishi har ta haɗiye shi duka. Ya ce ko za ta duba. Ta ce a'a, tare da maigida za su fara gani. Ta sa ya buga mata sabon faifai na ajiya, da wani na ajiyar ajiya, da na Hikima, da na kowace matar da ta yi dariya a ranar nan. 'Yarta Abir kuma ta tura shi a waya ga dangi har Zinder.

Ranar Asabar da la'asar Kawu ya dawo daga majalisa ya iske takalma sun cika ƙofa. Falo ya cika da maza da mata, ga masa, ga gahawa, ga sunansa yana hawa a talabijin. Ya yi murmushin da ya saba, yana jiran hoto ya daskare.

Hoto bai daskare ba.

Kawu ya ce kansa na ciwo. Aka ba shi matashi. Ya ce lokacin salla ya gabato, aka nuna masa agogo. Ya miƙa hannu wajen rimot, Abir ta ce, "Halas, ya isa haka, Baba, zauna. Yalla, an fara!"

Fim ya buɗe da gidan makoki: wani attajiri, Alhaji Ɗanliti, ya rasu, an lulluɓe shi a kan gado, mata na kururuwa. Ba wanda ya kula, ana ta miƙa faranti ana jiran jarumi ya shigo. 'Ya'yan mamaci suka fara rigimar gado. Aka je kotu. Aka yi rawa a gindin mangwaro. Duk namijin da ya leƙo sai falo ya ce "Ga shi nan!", sai a ga ba shi ba ne.

Masa ta huce. Kawu ya jiƙe da gumi duk da na'urar sanyaya ɗaki. Aka rubuta ƙarshe, ba a ga jarumi ba.

"To," in ji Hikima tana gyara mayafi, "wataƙila a kashi na biyu yake."

Mas'uda ta dubi Kawu. Mijinta yana da halinsa, amma ta san ba ya rantsuwa a kan ƙarya, kuma ya sha rantse mata yana ciki. Ta karɓi rimot daga hannun Abir, ta mayar da fim baya a hankali, ta wuce rawa, ta wuce kotu, har gidan makoki. A nan ta tsayar, ta matsa kusa da talabijin, ta daɗe tana kallo.

Daga ƙarshen zanen da aka lulluɓe Alhaji Ɗanliti ƙafafu biyu ne suka leƙo, masu faso, waɗanda ta yi shekara da shekaru tana shafa wa man kaɗanya. Da ta saki hoton ya ci gaba, sai duk falo ya ga babban yatsan gawar yana motsi, yana korar ƙuda.