Ƙirjin da Na Kankare

Ina ɗan shekara tara wani alhaji ya kawo wa mahaifina hoto daga Nijeriya. Muna shagon ɗinkin Baba a unguwar Ammariyya, a ƙasa mai tsarki, bayan la'asar. A hoton akwai wani dogon mutum da gicciye rataye a ƙirjinsa, yara sun jeru a bayansa.

"Tare muka yi soja," in ji Baba. "Yanzu bishop ne na cocin Anglikan, wannan kuma makarantar da ya kafa ce."

Da ya fita sayo zare, sai tsoro ya kama ni kada abokaina su gani, su ce muna ajiye gicciye. Na ɗauki reza na kankare shi har takardar ta huje.

Baba ya dawo, ya daɗe yana duban hujin. Bai dake ni ba.

"Ya waladi, ɗana," ya ce, "a wannan ƙirjin ya rungume ni kwana biyu a daji, ina zubar da jini."

Ban ba shi haƙuri ba, domin a ranar gani nake ni ke da gaskiya. Yau shekarata hamsin, Baba ya rasu, kuma ko sunan mutumin ban taɓa tambayarsa ba.