Injin Da Ke Mai Da Fuska Koriya

Takardar farko da ta fito daga injin buga takardun ofishin, fuskar shugaban makarantar da ke jikin kalandar koriya ce shar kamar ganyen alayyafo. Sararin sama kuma ya koma ruwan ƙasa.

Mai gyara ya ɗaga takardar sama, ya duba, ya ajiye. Zuwansa na nawa ke nan ofishin nan a kan magana ɗaya, shi kansa ya daina lissafi. Da safen nan manajan kamfaninsu ya tare shi a bakin ƙofa ya ce masa, in aka sake bugo waya a kan injin nan, ya ajiye jakar kayan aiki ya nemi wata sana'a.

Injin ba irin na ruwan tawada ba ne. Tawadarsa a dunƙule take kamar sabulu, kala huɗu, kowace da raminta: shuɗi, ja, rawaya da baƙi. In an kunna sai su narke a ciki, kowace a mazubinta. Doka ɗaya gare shi: kada a motsa shi da zafinsa. Aka girgiza shi, kalolin sun haɗe ke nan.

Ya buɗe murfi ya duba ramukan. Babu kalar da aka sa a gidan wata. Ya zaro tiren da ragowar tawada ke ɗiga, ya kankare shi. Ya sa injin ya wanke kansa, ya yi ta fitar da takardun gwaji har ja ya dawo ja.

"Wa ya matsar da shi?" ya tambayi sakatariya.

"Ni? Ko ƙura ba na share masa. Tsoronsa nake ji kamar uwar miji."

Hajiya, mai ofishin, tana zaune a kujerarta can ƙurya, tana naɗe tsumma a wuyan hannunta. Tsohuwa ce mai tsauri, wadda ba ta dariya a wurin aiki. Da ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Ba ta taɓa kiransa a wayarsa ba. Kamfani take bugawa, ta ce a turo wanda ya saba zuwa.

"Hajiya, injin nan motsa shi ake yi."

"Aljanu ke nan," in ji ta. "Kai kuma ka rame. Ga abinci can a kula, kada ya huce."

Kullum haka ne. Duk ranar da injin ya lalace, sai a tarar da kula a kan tebur, da shayi ba sukari, yadda yake sha. Ya ci a tsaye, yana duba agogo. Tun da ya yi aure ya koma ɗaya gefen garin, in ba aiki ne ya kai shi wuri ba, ba ya zuwa. Ko waya sai ta kamfani yake ɗauka, sauran yakan ce zai kira anjima.

Ya koma wurin injin ya tsuguna. A kan tayil akwai ɗan ƙarzanen ƙafar teburin, gefe ɗaya kawai. Ya shafa gefen injin, inda ake kamawa a ɗaga. Hannunsa ya fito da maiƙo da ƙamshin man zafi, irin wanda ake shafa wa gaɓoɓi. Ya yi tunanin maigadi, wanda kullum yake kukan ciwon baya.

A waje ya tsare maigadin.

"Baba, tsakaninka da Allah, kai kake ɗaga injin nan?"

"Ɗana, ni da buta ma sai na yi bismilla sau biyu nake ɗaga ta?"

Ya koma ya kwashe kayansa. Ya sake yi musu bayani da babbar murya: a kashe, a bari ya huce sosai, sannan a taɓa. Sakatariya ta ce ta haddace, har a mafarki tana ji. Ta ɗauki kalandun da suka fito daidai ta tafi kai wa makarantar. Hajiya ta tambaye shi ko yanzu ya gyaru ke nan gaba ɗaya.

"In ba a taɓa shi ba, sai ya shekara bai neme ni ba."

"Shekara," in ji ta, ta ci gaba da naɗin tsummanta.

Ya kai bakin titi kafin ya tuna ya bar sukundireba a kan tebur. Ya juyo. Ƙofar a buɗe take kaɗan, injin na ta gurnaninsa da zafinsa.

Hajiya ce tsaye a gabansa. Ta tattare hannun riga, ta cije leɓe, ta ɗaga gefe ɗaya na injin da hannu biyu. Ta jijjiga shi a hankali, yadda ake lallashin jariri.

"Hajiya!"

Ba ta firgita ba. Ta sauke shi a nutse, ta gyara mayafi.

"Shara nake yi."

Babu tsintsiya a ɗakin.

"Korata za a yi fa. Manaja ya ce in aka sake kira, na bar aiki."

Ta dubi wayar ofis da ta riga ta jawo kusa da ita, ta tura ta gefe da ɗan yatsa.

"Ai da ka faɗa. To gyara shi, tunda kana nan."

Ya ajiye jaka, ya buɗe murfi. Ya daɗe yana kallon kalolin da suka haɗe. Ba tare da ya ɗago ba ya ce ranar hutu zai zo gida, da matarsa da yaran, kuma zai wuni.

"Kai ka sani," in ji Hajiya, tana kallon bango. "Ni dai da na haife ka, ba a ce mini sai na bi ta kamfani zan riƙa ganinka ba."