Shanun da Ke Bin Mai Su

Ku gafarce ni, ban taɓa rubuta labari ba.

Hamma, yayana soja mai sarrafa jirgi marar matuƙi, ya zo hutu Rogo Ruma, ya tarar da ni ina karanta littafin dabarun yaƙin mutanen da. Ya tuntsire da dariya.

"Har yanzu cewa suke sai ka san abokin gabarka? Haba ƴar boko, ai na'ura ce ke sanar mana shi yanzu. Daga sama muke ganin komai."

Ya kunna bidiyo a wayarsa, muka kewaye shi a tsakar gida. "Ɓarayin shanu ne. Ku ga yadda muka yi da su."

Baffa, wanda ya tsufa a kiwo har kunnensa ya yi nauyi, bai ji bayanin ba. Ya matso yana murmushi.

"Masha Allah, wannan na gaban shi ne mai su. Ɓarawo daga baya yake korar shanu, mai su kuwa binsa suke."

Sai bam ya sauka a kansu, allon ya yi fari fat.

Kowa Hamma yake kallo. Na rungume littafina, na sulale ta bayan rumbu.