Randunan Surukar Sarki

Ranar Laraba ce, ana yayyafi, jakadiyar gidan sarki ta yi sallama a gidan wata maginiyar tukwane. Tsohuwar nan cikin yumɓu ta tashi. Uwarta gini take yi, kakarta ma haka. Mijinta marini ne, ya rasu ya bar ta da 'ya guda. 'Yar ta girma, sarkin ƙasar ya ji labarin hankalinta ya nemi aurenta, ita ma tana so, aka ɗaura. Ka san matar sarki in ta shiga ta shiga ke nan, ko gaisuwar mutuwa ba ta fita, sai dai a je mata. Uwar kuwa ba ta taɓa zuwa ba. 'Yar fari ce, kunyarta take ji, ko sunanta ba ta kamawa, "waccan" take ce mata tun tana goye. Ga kunyar suruki, surukin ma sarki. Takan dubi hannunta da ya tsattsage ta ce ba za ta kai shi fada a yi wa yarinya dariya ba. Abin da take yi, duk rani sai ta zaɓi randar da ta fi gasuwa, ta goge ta da jar ƙasa, ta ba 'yan kasuwa su kai wa 'yar a fada. A ganinta sun gaisa ke nan.

Jakadiya ta durƙusa ta ce, "Inna, ɗiyarki ta yi nauyi. Ta ce in gaya miki randa ta ishe ta, fuskarki take son gani." Tsohuwa ba ta ɗaga kai daga gininta ba. Ta ce, "Ki ce wa waccan sai damina ta wuce na gasa abin da na gina. Ba na zuwa hannu rabbana." Kafin a yanke gero jakadiya ta dawo da jajayen idanu. Haihuwa ta zo da gardama, uwa da ɗa duk sun tafi, har an rufe su. Ran nan tsohuwa ta taka zuwa fada, tafiyar da ba ta kai wuni ba. Aka karɓe ta da girma, babu wanda ya dubi hannunta. Aka kai ta ɗakin marigayiya, sai ga randunanta jere a gindin bango, kowace da faifai a baki. Jakadiya ta ce, "Ba ta shan ruwan wata randa sai taki. In an kawo sabuwa takan yi ta shafa wuyanta tana neman sawun yatsunki." Tsohuwa ba ta yi kuka ba, uwa ba ta yi wa ɗan fari kuka gaban mutane. Ta yi addu'a ta koma gida. Washegari ta ɗauki ƙwarya ta tafi ramin yumɓu, ta tsaya inda ba kowa, ta ɗaga murya ta ce, "Tasalla!" Kiranta na farko ke nan, kuma ba mai amsawa.

Kai da kake ce mini aike ya wadatar, ka ji. Tashi ka je ka ga naka. Zumunta a ƙafa take.