Yajin Jegon Inna

Tun da aka kafa dokar cewa kowace kalma mallakar wanda ya buga ta ce, yajin jegon Inna ya rabu uku. Ita, Allah ya jiƙanta, ba ta iya rubutu ba. Faɗa take yi, wanda ke kusa cikinmu, mu 'ya'yanta uku, ya buga a shafin da muka haɗa. Da Yaya Uwale ta koma wata manhaja, layukanta suka bi ta kamar kayan ɗaki.

'Yata ta haihu, suna jibi, ga babu yaji. Na ɗauki wayata na tafi Gwammaja, gidan Yaya.

"Yaya, manhajarki ba ta magana da tawa."

"Kai ma sai an yi haihuwa kake magana da ni, Farfesa. Zauna."

Muka jera wayoyin a tabarma. Ta karanta citta, na karanta kanumfari, ta karanta masoro. Sai muka iso wani farin gurbi, layin da ƙanenmu marigayi Sabitu ya buga. Kamfanin ya kulle kalmominsa tun ranar rasuwarsa, don kare masa haƙƙi. A ƙasa an rubuta: "Nemi izinin mai shi."

A da, maƙwabciya kan leƙo ta katanga ta tambaya, Inna ta faɗa mata har da ƙari.

Yaya ta ɗauko tsohon gwangwanin yajin Inna, wanda ba komai ciki, ta rufe ido ta daɗe tana shinshinawa.

"Kimba ce."

"In rubuta?"

"Kul! Ta zama taka? Miƙo min taɓarya."