Lallen Inna da Karatun Hansatu

"Likitanci za ta karanta, na gama magana!" in ji ɗana Ɗanliti.

"Lauya za ta zama," in ji matarsa Barira. "Kai ka yi naƙudarta?"

Tunda aka rufe makarantun sakandare, kowane gida an liƙa masa allon bango mai koyarwa. Babba a gida ke dangwala yatsa ya zaɓi karatu, kuma shekara uku ba canji. Ni ce babbar. Sati guda ina cewa lalle ya hana allon gane yatsana, alhali rigimar ce ke min daɗi.

Jikata Hansatu kuwa ba wanda ya tambaye ta. Yarinyar da ko jinin kaza ta gani sai ta suma!

"Inna, lallen ya goge. Dangwala!" in ji Ɗanliti.

Allon ya riga ni magana, ya tona min asiri: "An dangwala jiya da hantsi, da hagu. Gyaran sola, abin da Hansatu take faɗa wa ƙawarta a soro."

Soro fa! A can nake gulmata, ashe allon na ji. Amma Hansatu ta sauke ajiyar zuciya, ta matse min hannu.

Ɗanliti ya dubi hannuna na hagu, ya fice, ya bugo ƙofa garam.